In Ji Wa?

Duk wanda ya taɓa kai saƙo ƙauye a ƙasar nan ya san tambayar da ake tarbarsa da ita. Kafin a tambaye ka me aka ce, sai an tambaye ka wa ya ce. Ka tsaya a kasuwar Pitowa ranar Lahadi ka ce jibi za a yi wa shanu rigakafi, ba za ka rufe baki ba wani dattijo zai ɗago kai daga kan buhun gyaɗarsa ya ce, "In ji wa?" Idan in ji Lamiɗo ne, ko in ji likitan dabbobin da suka saba gani, magana ta zauna. Idan ka tsaya kame-kame, ka yi asarar yawunka. Shi ya sa mai shelar fada tun zamanin kakanni da sunan mai saƙo yake buɗe baki: sarki ya gaishe ku, ya ce a faɗa muku.

Na fi shekara goma ina cin abinci da wannan sana'a a Garwa, a arewacin Kamaru. A takarda sunana jami'in sadarwa na wata ƙungiya da ke aiki da manoma da masunta a bakin Binuwai, a unguwa kuwa "mai kominike", wato mai sanarwa, ake ce mini. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, aikin ya canza a hannunmu fiye da yadda ya canza a duk shekarun da na yi kafin nan. Yau da wuya ka shiga biro, wato ofis, a Garwa ko Marwa ko Njamena ka rasa wanda ya buɗe shi a wayarsa. 'Yan boko a nan "IA" suke cewa, gidajen rediyon Hausa kuma suna cewa ƙirƙirarriyar basira. Ni ma ina aiki da ita kusan kullum. Amma akwai ƙofofin da na hana ta shiga, kuma ina ganin ya kamata duk mai magana da yawun wasu ya hana ta.

Sai na fara faɗin alherinta, don ba ƙarami ba ne. Wanda bai taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa da Faransanci ba, ba zai san irin katangar da harshen nan yake ba. Akwai gaisuwar da ake buɗewa da ita, akwai doguwar jimlar girmamawa da ake rufewa da ita, kuma idan ka kuskure ɗaya, sakataren sufurefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, zai dube ka ya dubi takardar, ka gane ta mutu tun a teburinsa. Shekara da shekaru iyayenmu suna biyan masu rubuta wasiƙa da ke zama a gindin bishiya kusa da meri, wato ofishin magajin gari. Kwanan baya wata Hajiya da ke shugabantar mata masu sayar da albasa ta nuna mini takardar neman rumfuna da jikarta ta rubuta musu a waya. Na karanta sau biyu ban sami abin gyarawa ba. Matan nan ba su biya kowa ko dala ba, ba su kuma jira ɗan wani ya dawo hutu daga Yawunde ba. Wannan ci gaba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa tsayawa a layin meri da rana tsaka ba.

Mu ma a biro haka ne. Ƙasarmu harshen hukuma biyu gare ta, kowane rahoto sai ya fita da Faransanci da Ingilishi. Abin da nake kwana biyu a kansa yanzu kafin azahar na gama, sai dai in bi in gyara. Yaran da ba su sami shiga makarantar aikin jarida ta ESSTIC a Yawunde ba, yanzu suna fitar da sanarwa mai tsari kamar ta waɗanda suka shiga.

To ina matsalar take?

Wata damina aka sanar da mu cewa za a rage ruwa a madatsar Lagdo. Madatsar nan tana wajen kilomita 50 daga Garwa, tun 1982 take tsaye, kuma duk wanda ke noma ko su a ƙasanta bai manta 2012 da 2022 ba, shekarun da ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga nan har cikin Najeriya. Aikinmu shi ne mu isar da gargaɗi ga ƙauyukan da muke hulɗa da su. Lokaci ya ƙure, wuta ta ɗauke tun safe, batirin kwamfutata ya kusa mutuwa. Na zuba sanarwar Faransancin a cikin injin na ce ya mayar da ita Hausa da Fulatanci. Kafin in kurɓi shayi ya gama.

Hausar ta fito sumul, irin ta labaran ƙarfe takwas da rabi. Sai dai tana cewa mutane su tuntuɓi "dagacinsu" ko "ofishin ƙaramar hukuma". Mu jauro gare mu, da lawan, da Lamiɗo, da sufurefe, da meri. A ƙasa kuma ya ƙara wata lambar kiran gaggawa wadda ba ta cikin takardar da na ba shi, ba kuma ta ƙasarmu ba ce. Fulatancin na miƙa wa abokin aikina Bafulatani, ya karanta layi uku ya ajiye, ya ce wannan ya fi kama da maganar mutanen Futa, can wajen Senegal da Gini, tsohuwa a bakin kogi ba za ta gane rabinsa ba.

Dalilin a fili yake. Injin nan ya koyi magana ne daga tarin rubutun da ya tsinta, yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Hausar da ke intanet kuwa akasarinta ta Kano da Kaduna da Abuja ce, da ta gidajen rediyon waje irin su BBC, wadda ta fara watsa shiri da Hausa tun 1957. Hausarmu ta unguwar Hausare, wadda ta sha Fulatanci ta sha Faransanci, a baki take zaune, ba a rubuta ta ba balle inji ya karanta. Idan kuma ya rasa abu ba ya yin shiru, sai ya cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Ko a Amurka wannan hali ya kunyata mutane: a watan Yunin 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dalar Amurka 5,000 saboda sun kawo masa shari'o'in da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ne ya ƙago musu su.

Na gyara dagaci ya koma jauro, na goge lambar, na buga takarda, na hau babur. Ina ganin na gama aiki.

Jauron ƙauyen farko dattijo ne da ya san mahaifina. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya saurara har na kai ƙarshe, inda takardar ta ce jama'a su ƙaura zuwa wurare masu aminci. Sai ya ce, "Ɗana, wane tudu? Na makaranta ko na bayan maƙabarta? Na makaranta bara ruwa ya kewaye shi. Shanun fa, wa zai kwana da su? Masarar da ta kusa nuna, mu bar wa wa? Kuma ruwan ranar Talata zai iso ko Laraba?"

Babu amsar ko ɗaya a takardata. Na ce, "Baba, sai na koma na tambayo." Ya ce, "To ka koma. Idan na faɗa musu haka, za su ce in ji wa, ni kuma ba zan ce in ji takarda ba."

A hanyar komawa na gane cewa kuskuren fassara shi ne ƙaramin abu a lamarin. Da injin ya iya Hausar Garwa kamar kakata, takardar da zai ba ni ba za ta san tudun makaranta ya nutse bara ba. Sunan sana'armu hulɗa da jama'a, hulɗa kuwa da zuwa da dawowa take. Kayan aikin nan sun ƙara mana baki ninki goma, kunnenmu yana nan yadda yake, ko ma ya ragu, domin wanda zai iya fitar da sanarwa biyar yana zaune a ƙarƙashin fanka me zai sa ya sha ƙurar hanya? Ina ganin haka a tsakanin abokan sana'a. Shafukan Facebook na ƙungiyoyi sun cika da rubutu mai santsi, kowa yana "ƙarfafa juriyar al'umma", kowa yana "tafiya tare da masu rauni", ka ɗauke tambarin wannan ka ɗora na wancan ba wanda zai lura. Rubutun ga masu ba da kuɗi a Yawunde da Janeba yake fuskanta. Mutumin bakin kogi ya koma abin da ake ba da labarinsa.

Inda abin ya fi sosa mini rai shi ne ta'aziyya. Direbanmu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Ngaundere. Shugabanmu, mutumin kudu ne, ya ce a shirya wasiƙa ga iyalinsa. Wata yarinya da ke koyon aiki a wurina, mai hankali da himma, ta zo bayan minti biyar ta ce, "Shef, ga ta." Ban ga laifinta ba, abin da ta ga manya suna yi ta yi. Wasiƙar babu kuskure ko ɗaya. Ta ce marigayin jajirtacce ne, ta ce ya bar giɓin da ba za a cike ba. Za a iya aika ta gidan kowane mamaci a duniya. Ba ta san mutumin nan ba ya wuce lokacin sallah ko da muna sauri, ba ta san duk tafiya sai ya tsaya ya sayi rake ya kai wa 'ya'yansa ba, ba ta san shi ya koya mini yadda ake gaida lawan ba.

Na ce wa shugaba mu bar takarda mu je da ƙafarmu. Muka je ranar sadakar uku. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma cikin mutane, ya haɗa 'yar Hausar da ya iya ya ce wa mahaifin marigayin, "Baba, Allah ya jiƙan shi. Ya haƙuri?" Harshensa ya karye a tsakiya. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Zumunci a ƙafa yake, haka aka ce, kuma ranar na ga ma'anarsa da idona.

Ba mu kaɗai ke jin haka ba. A watan Fabrairun 2023, bayan wani ɗan bindiga ya kashe ɗalibai uku a Jami'ar Jihar Michigan, wani ofishi a Jami'ar Vanderbilt ya aika wa ɗalibansa saƙon jaje. A ƙasan saƙon aka bar layin da ke nuna da ChatGPT aka rubuta shi. Ɗalibai suka fusata, sai da aka ba da haƙuri. Ba kalmomin ne suka ɓata musu rai ba. Sun gane cewa a ranar da suke bukatar wani ya zauna ya ji zafin abin har ya nemo abin faɗi, ba wanda ya zauna.

Wani abokina da ke irin aikina a Njamena ya taɓa ƙalubalantata a kan wannan. Ya ce, kai da ka shekara goma kana rubuta wa shugabanni jawabi suna karantawa kamar nasu, me ya raba ka da injin? Tambaya ce mai nauyi, na daɗe ina juya ta. Abin da ya raba mu shi ne kunya. Ni ina da unguwa, ina da masallacin da nake sallah, ina da surukai. Idan na sa wa shugaba ƙarya a baki, gobe zan haɗu da wanda aka yi wa ƙaryar a wurin ɗaurin aure. Wannan tsoron haɗuwar shi ne jinginar da jama'a ke riƙe da ita a kan maganata. Inji ba ya zuwa ɗaurin aure. Ranar da amsar "in ji wa?" ta zama "in ji inji", babu wanda za a kama.

Wasu kamfanoni sun so su fake a nan. Air Canada ta sa injin hira a shafinta, injin ya gaya wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa zai iya sayen tikiti sannan daga baya ya nemi rangwamen masu makoki, alhali dokar kamfanin ba haka take ba. Da aka je gaban hukumar sasanta ƙararraki a lardin British Columbia, kamfanin ya nemi ya nuna injin abu ne dabam mai ɗaukar alhakin kansa. A Fabrairun 2024 aka yi watsi da wannan hujja, aka sa shi ya biya. Hukuncin ya yi daidai da abin da kowane jauro ya sani: wanda ya aiki ɗan aike, shi ke da saƙo.

Sai batun hoto da murya, wanda nake ganin ya fi kowanne haɗari a wurinmu. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta cinye Mayo-Danay da Logon da Shari da yankuna da dama na Chadi, na ga rahotanni da hotunan da ba kyamara ce ta ɗauke su ba. Mace tsaye cikin ruwa har ƙugu, da jariri, haske ya sauka a fuskarta daidai. Ka duba ɗaurin zanenta da ginin bukkokin bayanta ka san ba ƙasar nan ba ce, ba ma wata ƙasa ba ce. Masu yi suna da hujja: sun ce sun fi son haka da su tallata fuskar wata baiwar Allah a ranar da ta rasa komai. Na yarda da niyyar. Ita ma Amnesty International da irin wannan hujja ta fitar da hotunan inji kan zanga-zangar Kolombiya a 2023, amma da suka ya yi yawa sai ta janye su. Idan sutura ake so a yi wa mutum, akwai hanya. A ɗauki layin da ruwa ya bari a jikin bango, a ɗauki rumbun da ya rushe, a ɗauki hannu ba fuska ba, ko a sa mai zane ya zana a rubuta cewa zane ne. Domin ranar da aka kama ka da hoton ƙarya ɗaya, na gaskiya ɗari da ka ɗauka cikin laka sun mutu tare da shi.

Maƙwabciyarmu Gabon ta nuna inda wannan hanya take kaiwa. Bayan Ali Bongo ya sami shanyewar jiki a Oktoban 2018, aka fitar da bidiyonsa na gaisuwar sabuwar shekara. Mutane da yawa suka ce haɗi ne, ba shi ba ne. Ba a tabbatar da cewa haɗin ne ba, amma zargin kaɗai ya yi aiki: ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka kama gidan rediyon ƙasa, suna kafa hujja da yadda suka ga shugaban a bidiyon. Wannan tun kafin kayan haɗa murya su shigo wayar kowa ke nan.

Mu kuwa jaridarmu ita ce saƙon murya na WhatsApp. Wanda bai iya karatu ba yana sauraro, yana turawa. Ka tuna 2021, lokacin da rikici kan ruwa tsakanin makiyaya da masunta ya tashi a Logon-Birni ya kai har Kusseri, dubun dubatar mutane suka tsallaka Chadi. A irin wannan wuri, muryar wani basarake ko malami da aka haɗa da inji tana cewa an kashe wane a wuri kaza, ba ta bukatar awa guda. Dokar ƙasa ta Disamban 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri da tara ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, amma kotu bayan gobara take zuwa. Abin da zai tare wutar shi ne a sami muryoyin da jama'a suka sani, suka kuma san ba su taɓa yaudararsu ba. Duk ƙungiyar da ta fara sakin sanarwa da muryar inji don ta fi arha, ita da kanta take koya wa mutane su daina bambance murya.

Akwai kuma sakacin da nake gani na zuba sunayen mutane. Jerin 'yan gudun hijira daga Mayo-Tsanaga, da ƙauyukansu da lambobin wayarsu, a kwafa a liƙa a cikin inji don ya tsara tebur. Mutanen nan sun gudo ne daga masu neman ransu, amana suka ba mu. Tun Disamban 2024 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka wannan bai halatta ba.

Roƙona ga shugabanninmu ɗaya ne. Sun ga aikin kwana biyu ya koma na rabin yini, sai suka ce to a ninka sanarwa, ko a rage ma'aikata. Ni cewa nake a mayar da lokacin da aka samu man babur. A bar inji ya tsara Faransancin, ya taƙaita rahoto mai shafi tamanin, ya gyara Ingilishin. Yini da rabin da ya rage, a tura mai kominike ya je ya zauna a tabarma.

Ranar nan ta Lagdo haka na yi, ko da yake dole ce ta sa ni. Na koma gari na bi ofis uku har na sami wanda ya san ranar da ake sa ran ruwa zai iso. Na sami liman da shugaban matasa muka tsayar da tudun bayan maƙabarta, aka fitar da samari shida da za su kwana da shanu, masunta biyu suka ce kwale-kwalensu na nan ga tsofaffi. Washegari da hantsi na koma wurin jauro na zayyana masa. Ya gyaɗa kai, ya ce in kawo wayar. Na danna masa wurin ɗaukar murya na riƙe kusa da bakinsa. Ya yi gyaran murya, ya faɗi sunansa da sunan mahaifinsa da sunan ƙauyen, sannan ya yi bayani da Fulatanci, ya maimaita da Hausa, duka bai kai minti biyu ba. A tsakiya zakara ya yi cara, wata jikarsa ta yi kuka. Na ce ko mu sake ɗauka. Ya ce a'a, a bar shi haka, kowa ya san zakaran gidansa. Kafin la'asar na ji muryar tana fitowa daga wayar wani mai sayar da kifi a bakin gada, mutum huɗu sun kewaye shi suna sauraro.